LAFIYA UWAR JIKI: Labarin Acici, Mai Gadi da Sharar Jiki

Cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan jiya akwai ta wata uwa wadda ta roƙa kada a buga sunanta ko na garinsu. Ta ce yayarta ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu tun lokacin girbin gero. Ba ya yi mata zafi, amma yana ƙara girma kaɗan kaɗan. Ran kasuwa wani mai tallar magani a mota ya sayar musu da kwalba uku, ya ce maganin yana ƙara wa sojojin jiki ƙarfi, su kuwa sojojin za su cinye ƙullutun sarai, ba sai an je asibiti an sa mata wuƙa ba. An shanye kwalba biyu, ƙullutu yana nan. Ga tambayarta: "Ashe gaskiya ne akwai sojoji a jikin mutum? In kuwa akwai, me ya hana su kashe ciwon daji tun yana ƙarami?"

'Yar'uwa, kafin mu shiga dogon bayani ga gajeruwar amsa: ki kai yayarki asibiti cikin makon nan, kada ku jira a shanye kwalba ta uku. Yawancin ƙullutun nono ba ciwon daji ba ne, amma ba mai iya rarrabewa da ido ko da hannu, sai an gwada. To, sa'an nan mu koma ga tambayarki, gama mai maganin nan bai yi ƙarya duka ba. Akwai masu tsaro a jiki. Rabin labari ya faɗa muku, ya ɓoye rabin da zai hana shi ciniki. A wannan wata za mu ɗauki ɗaya daga cikin masu tsaron nan, mu bi shi tun daga ƙayar da ta soki ƙafa har zuwa cikin ƙullutu.

Ƙayar fure a Mesina

A ƙarshen shekarar 1882 wani masanin dabbobi daga ƙasar Rasha, sunansa Iliya Mecinikof, yana zaune da iyalinsa a Mesina, wani gari na bakin teku a tsibirin Sisili na Italiya. Wata rana mutanen gidan duka suka tafi kallon wasan birai, suka bar shi shi kaɗai da madubinsa mai ƙara girman abu. Yana duban 'ya'yan wata halittar teku mai hannu biyar kamar tauraro. 'Ya'yan nan garai su ke kamar ruwa, ana hangen abin da ke cikinsu suna da rai. Sai ya ga waɗansu ƙwayoyi a jikinsu ba su zauna wuri ɗaya ba, suna rarrafe nan da can. Ya ce a ransa, kai, ko waɗannan su ne masu tsaron gida? In haka ne, lalle in an soka wa halittar nan ƙaya za su taru su kewaye ta, kamar yadda ya kan faru a yatsan mutum.

Ya fita lambu, inda suka yi wa yara adon Kirsimati a jikin wani ɗan itacen lemo kwanaki kaɗan da suka wuce, ya tsinko ƙayar fure, ya soka a jikin halittar. Daren nan bai yi barcin kirki ba. Da sassafe ya leƙa madubi, sai ga ƙwayoyin sun yi dafifi sun rufe ƙayar ta kowane gefe.

Ya gane cewa suna haɗiye abin da suka tarar, su narkar da shi a cikinsu. Daga baya ya raɗa wa manyan cikinsu suna makurofaj, watau "babban maciyi" da Helenanci. Mu a wannan fili sai mu ce da shi acici, domin sunan ya dace da shi. Manyan likitoci da yawa, musamman na Jamus, ba su yarda ba. Suka ce ruwan jini ne ya ke kashe ƙwayoyin cuta. Aka yi shekaru ana gardama mai zafi. A ƙarshe, cikin 1908, aka raba kyautar Nobel tsakanin Mecinikof da wani Bajamushe, Paul Ehrlich, wanda ke wancan gefen. Ashe duka biyu suna da gaskiya: ruwan jini ya kan shafa wa abokin gāba alama, acici kuwa ya bi alamar ya haɗiye shi.

Acici ƙanƙane ne ƙwarai. In an jera guda 50 baki da baki, tsawonsu bai wuce milimita ɗaya ba. Amma suna da yawa. Wani lissafi da aka yi a 2023 ya nuna babban mutum yana ɗauke da wajen biliyan 200, nauyinsu duka ya ɗara rabin kilo. Waɗansu a ɓargo a ke haifarsu, su yi kwana ɗaya zuwa uku suna yawo cikin jini tare da sauran fararen ƙwayoyin jini, sa'an nan su fita su zauna cikin tsoka. Da can ana koya wa ɗaliban likita cewa dukansu haka su ke. Tun daga 2010 aka gane ba haka ba ne. Na ƙwaƙwalwa, alal misali, sun kama wurinsu tun mutum yana cikin makonninsa na fari a cikin uwarsa, suna nan suna haifar magadansu har ya tsufa.

Yanzu ka ce kana tafiya gona, ƙayar aduwa ta soki diddigenka. Ƙayar ba ita kaɗai ta shiga ba, ta shigo da ƙwayoyin cuta na ƙasa. Acicin da ke zaune a ƙarƙashin fata shi ne na fari da zai ji su. Ya kan haɗiye waɗanda ya iya, amma babban aikinsa a wannan sa'a shi ne kururuwa. Ya zubo waɗansu sinadarai, jijiyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya taru, ruwa ya tsattsafo. Shi ya sa wurin ya kan kumbura, ya ɗauki zafi, ya yi zogi. Waɗansu ƙananan fararen ƙwayoyi su amsa kiran, su zo dubbai, su yi faɗa su mutu a wurin. Mugunyar da ka ke matsewa bayan kwana uku, yawancinta gawarwakinsu ce.

In faɗan ya yi tsanani, saƙon acici ya kan bi jini har ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta ɗaga zafin jiki duka. Zazzaɓi ke nan, da kasala, da ƙin abinci. Ana kuma ɗaukar guntayen abokin gāba a kai wa waɗansu masu tsaro da ke zaune a matsematsi da hammata da wuya, domin su san shi, su shirya makamin da ya dace da shi. Kaluluwar da ta fito maka a matsematsi sa'ad da ka yi miki a ƙafa, taron shawarar yaƙi ne a ke yi a ciki.

Amma kururuwa tana da iyaka. Wani lokaci ƙwayoyin cuta su kan cika jini, su acici na ko'ina su yi ihu gaba ɗaya, jijiyoyi duka su saki, bugun jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya. Wannan shi ke kashe mai jego da ta yi zazzaɓi bayan haihuwa, ko jaririn da cibiyarsa ta ruɓe. Ku lura da wannan, gama za mu komo kansa: ƙarfin masu tsaro ba kullum ne alheri ba.

Aikin da ba a gani

Yaƙi ba kowace rana ba ne. Yawancin kwanakin acici a shara su ke ƙarewa. Jar ƙwayar jini ta kan yi kwana 120 tana aiki, sa'an nan ta tsufa ta taurare. A kowace daƙiƙa fiye da miliyan 2 suna kai wa wannan hali. Ina su ke zuwa? Su acici na saifa da na hanta su ke tsince su ɗaya ɗaya su haɗiye. Ƙwaya mai ƙuruciya tana da wata shaida a jikinta, kamar takardar haraji, mai cewa, "Ni 'yar gida ce, kada ka ci ni." In ta tsufa shaidar ta lalace, sai acici ya yi aikinsa.

Ba ya kuwa yin ɓarna. Kamar maƙeri ne da ya karɓi tsohuwar fartanya ya fid da sabuwar lauje. Ya kan cire sinadarin ƙarfe da ke cikin tsohuwar ƙwayar ya aika wa ɓargo a yi sabuwa da shi. Ɓargo yana bukatar wajen miligiram 20 zuwa 25 na ƙarfen nan kowace rana, alhali abin da hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Sauran duka daga hannun acici ya ke fitowa. Ragowar launin jinin kuwa ya kan zama ruwan ɗorawa, hanta ta zubar da shi cikin hanji. In ƙwayoyin jini suna fashewa da yawa har hanta ta kāsa kwashewa, sai launin ya bayyana a ido, mu ce shawara.

Iyaye mata sun san yaron da cikinsa ya yi tauri a gefen hagu, aka ce saifa ce. Ga abin da ke faruwa: zazzaɓin cizon sauro yana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ya lalata su, su acici na saifa su yi ta haɗiya ba hutawa, su ƙaru, saifa ta kumbura. Tsagar da a ke yi wa yaro a ciki ba ta kai inda saifar ta ke ba, balle ta taɓa ƙwayar cutar. Abin da saifar nan ke bukata shi ne a gwada jini, a ba da maganin zazzaɓi cikakke, a kwana cikin gidan sauro. Yaro mai sikila kuwa akasin haka ya kan same shi. Saifarsa ta kan lalace tun yana ƙarami, ya rasa wannan babban sansani, ƙwayar cutar da wani yaro zai kawar cikin sauƙi ta iya kayar da shi cikin yini ɗaya. Domin haka ne likita ya kan ɗora shi a kan penisilin na kullum, ya kuma ce duk ran da jikinsa ya yi zafi a kawo shi nan da nan, ko da tsakar dare ne.

A huhu ma suna nan, a can ƙarshen hanyoyin iska. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu da na taba, su ke kwashewa, a tofar da waɗansu cikin majina. Huhun mai shan taba ya kan yi baƙi domin su acici sun cika cikinsu da toka da kwalta. Amma akwai ƙurar da ta fi ƙarfinsu, watau garin dutse. Mai fasa dutse, da mai haƙar rijiya cikin fā, da mai niƙa duwatsun zinariya, suna shaƙar wannan gari. Acici ya haɗiye, garin ya huda cikinsa ya mutu, wani ya zo ya haɗiye shi ma ya mutu, kowanne kuwa da kururuwarsa. Shekara da shekaru huhu yana yin tabo bisa tabo har ya taurare. Ba maganin da ke mayar da shi. Jiƙa dutse da ruwa kafin a niƙa yana rage ƙurar ƙwarai, amma ƙyallen da a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan gari, ya yi laushi da yawa.

Akwai danginsu cikin ƙashi masu gwaguyar tsohon ƙashi domin a zuba sabo. Har zanen baƙi da waɗansu ke yi a fata, abin da ya sa ba ya gogewa shi ne su acici sun haɗiye baƙin sun kāsa narkar da shi. In ɗaya ya mutu, maƙwabcinsa ya gāji kayan.

Mu koma ga diddigen nan da ƙaya ta soka. Bayan an gama faɗa, acici ya kan sāke hali sarai. Ya kwashe gawarwaki, ya daina kururuwa, ya shiga sallamar mayaƙa yana cewa a koma gida, yaƙi ya ƙare. Sa'an nan ya kira magina. Ya sa a jawo sababbin jijiyoyin jini zuwa wurin, a saƙa sabon nama, fata ta rarrafo daga gefe ta rufe. A 1975 waɗansu masana biyu a Amurka suka hana su acici aiki a jikin ɓerayen Masar masu miki, sai mikin ya cika da datti, warkewa ta yi jinkiri ƙwarai. Mai ciwon sukari da gyambonsa ya ƙi warkewa, ɗaya daga cikin dalilan shi ne su acicinsa sun maƙale a halin faɗa, sun kāsa juyawa su zama magina.

Watau acici fuska biyu gare shi, ta mayaƙi da ta magini. Shi kuwa ba shi da wayon kansa. Abin da wurin ya gaya masa, shi ya ke yi.

Baƙon da ya kwana a cikin mai gadi

A cikin shekarar nan ta 1882, ran 24 ga Maris, Robert Koch ya sanar a Balin cewa ya gano ƙwayar tarin fuka. Wannan ƙwaya gwanar dabara ce. Ta kan bar acicin huhu ya haɗiye ta, amma ta hana shi zubo mata ruwan narkarwa. Ta zauna a cikinsa lafiya lau, ta ci ta hayayyafa. Da jiki ya ga haka, sai ya tara su acici da yawa su yi mata ganuwa, waɗansu fararen ƙwayoyi kuma su tsaya a bayansu suna ƙarfafa su. An kiyasta wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar nan, amma 5 zuwa 10 ne cikin 100 su ke kwantawa da ciwon. Ga sauran, ganuwa ta riƙe.

Abin da ke rushe ta sananne ne: yunwa, tsufa, ciwon sukari, da cutar ƙanjamau, wadda ke kashe ainihin ƙwayoyin nan masu ƙarfafa acici. A nan sai mu ja kunnen 'yan mata masu shan ƙwayoyin ƙiba da a ke sayarwa a kasuwa. Da yawa cikinsu akwai maganin da ke kwantar da su acici barci, kumatu su cika, ganuwa kuwa tana zubewa. Duk wanda ya yi tari ya wuce mako biyu, da zufar dare, da rama, ya je a gwada majinarsa. Maganin na wata 6 ne, kyauta kuwa a ke bayarwa a asibitocin gwamnati na Nijeriya. Ƙwayar kuturta da ta taifod su ma sun san wannan hanya ta ɓuya cikin mai gadi.

To, ciwon daji fa?

'Yar'uwa, ga mu mun iso ga tambayarki. Ciwon daji ba baƙo ba ne. Ƙwaya ce ta jikin mutum, ta nono ko ta hanta ko ta mahaifa, wadda ta lalace ta ƙi jin umurnin tsayawa, tana ta haihuwa. Masu tsaro su kan gane waɗansu irinta su kashe tun ba a sani ba. Wadda ta tsira har ta zama ƙullutun da hannu ke ji, ta riga ta koyi yadda za ta zauna da su.

Tun a 1863 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya ga fararen ƙwayoyin jini cikin naman ciwon daji. Aka daɗe ana tsammani faɗa suka zo yi. A waɗansu irin ƙullutu su acici su kan kai kusan rabin nauyinsa, sai a ce madalla, jiki yana ƙoƙari. Amma a 1996 likitoci a Oksfod ta Ingila suka ƙidaya su cikin ƙullutun nono da aka cire wa mata, suka bi labarin matan, sai suka tarar waɗanda ƙullutunsu ya fi cika da su acici su ne ciwon ya fi saurin komo musu. A 2001 kuma aka gwada a Niyok da ɓeraye waɗanda aka haifa da ƙarancin acici. Ƙullutun nono ya fito musu kamar na sauran ɓeraye, amma ya yi jinkirin bazuwa zuwa huhu ƙwarai.

Yaya haka? Wani likita a Boston, Harold Dvorak, ya ba da amsa tun a 1986, ya kwatanta ciwon daji da mikin da ba ya warkewa. Tsakiyar ƙullutu iska ba ta isa, ƙwayoyi suna mutuwa, kamar dai miki. Ciwon da kansa ya kan aika kira. Acici ya zo, ya duba, ya ga kamar rauni ne mai neman gyara, sai ya sa fuskarsa ta magini. Ya jawo sababbin jijiyoyin jini, ƙullutu ya sami abinci. Ya sassauta naman da ke kewaye, ƙullutu ya sami fili. Ya ce wa mayaƙan da suka zo da niyyar kisa su koma, ba yaƙi a nan. Har an ɗauki hoto cikin jikin ɓera mai rai, ga ƙwayar ciwon daji tana bin acici kamar makaho da ɗan jagora, har bakin jijiyar jini, ta shige ta tafi huhu. Da ɗan gari a kan ci gari. Bayan wannan kuma ƙwayoyin ciwon da yawa su kan cika jikinsu da shaidar nan ta "kada ka ci ni", har acicin da ya so haɗiya ya ja da baya.

Ba kowane ciwon daji ne haka ba. A na babban hanji, sau da yawa an ga yawan su acici a gefen ƙullutu yana tafiya da sauƙin ciwon. Amma a na nono da waɗansu da dama, labarin da muka faɗa shi ne. Saboda haka ki duba maganar mai mota. Ko da a ce kwalbarsa tana ƙara wa masu tsaro yawa da ƙarfi, abin da ba wanda ya taɓa nunawa, wa za su yi wa aiki in sun isa cikin ƙullutun?

Masana suna neman hanyar juyo da acici, amma aikin da wuya. A 2009 masana a jami'ar Sitanfod ta Amurka suka nuna in an rufe shaidar "kada ka ci ni", su acici su kan cinye ƙwayoyin ciwon daji na jini a jikin ɓera. Aka yi murna, aka zuba kuɗi mai yawa, aka yi magani. Da aka gwada shi a kan mutane da yawa, sai aka dakatar da manyan gwaje-gwajen a 2023 da 2024, gama bai ƙara wa marasa lafiya kwana ba, a ɗaya ma mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda aka ba su. In masu ɗakunan bincike sun yi shekara 15 sun tarar da wannan, sai a yi hattara da mai lasifika a bakin kasuwa.

Akwai dai inda aka ci nasara. Wajen mace ɗaya cikin biyar masu ciwon daji na nono, ƙwayoyin ciwonsu suna da wata alama ta musamman. Tun 1998 akwai allura mai suna tirastuzumab wadda ke manne wa alamar nan, ta hana ƙwayar girma, ta kuma nuna wa acici da 'yan'uwansa cewa ga abin ci. Tana da tsada, ba ta kuwa amfani sai ga mai irin wannan alama, shi ya sa dole a gwada naman tukuna. Allurar BCG ma, wadda ke barin ɗan tabo a dantsen jariri, an fara ba da ita a 1921 domin tarin fuka, amma a 1976 wani likita a Kanada ya zuba ta cikin mafitsarar masu wani irin ciwon daji da bai yi zurfi ba. Masu tsaro suka taso wa ƙwayar BCG da faɗa, faɗan ya ci ciwon. Har yau ana yin wannan.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: mikin da ya daɗe a cikin jiki ya kan zama gonar ciwon daji. Inda su acici suka yi shekaru suna faɗa suna gini, suna faɗa suna gini, ƙwayoyin wurin su kan gaji da sākewa har wata ta lalace. Ƙwayar ciwon hanta mai lamba B haka ta ke yi. Ta kama jariri ko ƙaramin yaro, ta zauna shiru shekara 30 ko 40, sa'an nan ciwon daji na hanta ya bayyana ga magidanci yana tsakiyar ƙarfinsa, balle in yana cin gyaɗa ko masara mai fumfuna. Rigakafinta yana cikin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004, ta farin kuwa ana so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa, ba sai bayan suna ba. Haka kuma tsargiya. Ƙwan tsutsar ya kan maƙale a bangon mafitsara, su acici su kewaye shi kamar ƙayar Mecinikof, shekaru su wuce, wurin ya iya juyewa ciwon daji. Yaron da ke fitsarin jini bayan wanka a kududdufi ba balaga ya yi ba. A kai shi a ba shi furazikwantel, maganin yini ɗaya ne.

Su acici ba su bukatar kwalba. Abincinsu shi ne namu: wake, gyaɗa mai kyau, ƙwai, kifi, nono, zogale da sauran ganye, da barci isasshe, da iska marar hayaƙi. Wannan ya kan riƙe ganuwar tarin fuka, ya sa miki ya warke da wuri. Amma ba ya narkar da ƙullutun da ya riga ya kafu.

Ga abin da za ku tarar a asibiti, domin kada tsoro ya hana ku. Likita zai taɓa nonon da hammata, mai yiwuwa a ɗauki hoto, sa'an nan a sa allura a ɗebi ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a aika a duba a madubi. Mun san ana cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Abin da ya jawo wannan magana shi ne mata da yawa ba su zuwa sai ciwon ya riga ya bi jini ya tafi, a yi aiki, su rasu bayan 'yan watanni, a ɗora wa wuƙa laifi. A ƙasashen da mata ke zuwa da wuri, fiye da 9 cikin 10 suna nan da ransu shekara 5 bayan an gano ciwon. Kada a yi wa nonon tsaga ko sakiya, kada a ɗaura masa magani mai ƙuna. Ku tafi da kwalbar nan a hannu likita ya gani, ku faɗa masa watan da aka fara jin ƙullutun, da ko akwai wata a dangi da ta taɓa yin irinsa. In an ce ku komo karɓar sakamako ran kaza, ki raka ta da kanki, kada ta tafi ita kaɗai. Muna jiran wasiƙarki mu ji yadda aka yi.

A wata mai zuwa za mu duba kaluluwa: wadda za a bari ta sauka da kanta, da wadda ba a kwana da ita a gida.